Folda ba ado ba ce

Ofishin da ya koma ajiye takardunsa a kwamfuta bai tsira daga ɓatan takarda ba muddin bai tsara foldodinsa ba. Dubi WordPress, manhajar da ta fito a 2003. In ba a sauya tsarinta ba, fayil ɗin da aka ɗora mata, sai ta jefa shi cikin foldar shekara da wata. Wannan ya wadatar da na'ura, amma ma'aikacin da ke neman takardar kwangila ba ya tuna watan da aka ɗora ta, aikin da ta shafa yake tunawa. Saboda haka ya kamata tsarin folda ya bi yadda ake gudanar da aiki, sashe-sashe.

Wasu za su ce ai akwai wurin bincike, me ya kawo wahalar folda? To, bincike kalmar da ka riga ka sani kawai yake nemo maka, kuma takardar da aka ɗauki hotonta sau da yawa ba ta fitowa. Abin da ya fi damuna shi ne sirri. A SharePoint da Google Drive, izinin da aka ba folda yana sauka kan abin da ke cikinta, don haka takardar albashi da ta faɗa foldar kowa da kowa, har ɗan koyon aiki zai karanta ta.