Furen Anemoni da Takwararsa ta Ƙasar Jabo

Anemoni fure ne na ƙasashen bakin Bahar Rum. Saiwarsa takan kwanta cikin ƙasa muddin ana zafi, ta tsiro da ruwan hunturu, ta yi fure bayan wucewar sanyi. A Jabo, ta ƙasar Tambuwal, hunturu ba ya zuwa da ruwa, bazara kuwa sai ƙuna. Saboda haka wanda ya sayo irinsa ya yi hasara.

Amma akwai albasar kwaɗi, wadda ke barci da rani, ta farka da ruwan fari. A haƙo kanta da rani, a dasa a gefen lambu. Kada a yanke ganyenta bayan fure, domin shi ke ciyar da furen baɗi. Tana da dafi. A nisanta ta daga yara da awaki.