Wane Ne Kocin Ɗaga Ƙarfe Nagari?

 

Duk wanda ya tsaya a Magama, a nan Jibiya, ya ga 'yan dako suna loda motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ya san ƙarfi bai yi mana ƙaranci ba. Saurayi zai saɓa buhun masara mai kilo 100 ya hau da shi bayan mota. A cikin unguwanni kuma yaranmu na zuba siminti a gwangwani biyu, su soka bututun ƙarfe a tsakani, su yi ta ɗagawa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mai koyarwa.

Sharaɗi na farko ga koci shi ne sanin aikin. A gasar Olamfik ɗagawa iri biyu ce: ta fizga ɗaya daga ƙasa zuwa saman kai, da ta zango biyu, wadda ake fara saukar da ƙarfen a kafaɗa kafin a cilla shi sama. Sandar maza kilo 20 ce, ta mata 15, kuma sau uku ake ba mutum dama a kowane iri. Koci nagari da sanda zalla yake fara wa yaro, har sai baya ya miƙe, ƙafa ta san wurin tsayawa, nauyi ya koma kan cinya maimakon ƙugu.

Na biyu shi ne haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa. Tsoka tana saurin girma, amma jijiya da gaɓa sai a hankali. Wanda ke ƙara wa yaro nauyi don 'yan kallo su yi tafi, ciwon baya yake saya masa. Koci na ƙwarai yana tambaya ko an ci abinci, ko an yi barci, kuma yaron da ya wuni yana dako ba a ba shi horo irin na wanda ya wuni a aji.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi a wurina, shi ne amana. A 2014, a wasannin ƙasashe renon Ingila a Glasgow, Chika Amalaha ta ci wa Najeriya zinare tana da shekara 16, aka ƙwace bayan gwajin ƙwaya. Ku gwama da Mariam Usman: ta zo ta biyar a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, amma da aka sake gwaji bayan shekaru, aka kama biyu daga waɗanda suka sha gabanta, tagulla ta dawo hannunta. Mu da ke bakin iyaka mun san yadda tramol ke ratsa garuruwa, mun kuma san yadda ake ruɗar mai aikin ƙarfi da ita. Kocin da ya kau da kai daga wannan ya ci amanar iyaye.

Don haka ina kira ga Ƙaramar Hukumar Jibiya da masu kula da wasanni na Jihar Katsina su zaɓi matasa daga cikinmu, a horar da su aikin koci, a samar da fili da kayan aiki na gaskiya. Iyaye kuma, kafin ku miƙa ɗanku, ku binciki halin wanda zai riƙe shi.

 Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.