Suna Ba Ya Shiga Kabari

Mu Kirista, Littafi Mai Tsarki ya koya mana fifita suna nagari a kan dukiya.

Ku dubi Likita Barau Dikko na Wusasa, Zariya. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likita. Kirista ne, amma a 1949 aka zaɓe shi shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa, alhali yawancinsu Musulmi ne. A ganina, halinsa suka duba. Ya rasu a 1977, har yau wani babban asibiti a Kaduna yana ɗauke da sunansa.

To, kai mai awon gero a kasuwa, yaya mudunka? In kana tauye shi, har jikokinka za a riƙa yi wa gori.