Yatsunmu Suna Cikin Na'ura, Wa Ke Gadinsu?

Mai martaba sarki, malamaina, iyayena mata, ƴan uwana matasan Kornaka, ina gaisuwa.

Da yawanku kun tuna rajistar da aka yi kafin zaɓen 2020. Ma'aikatan hukumar zaɓe CENI sun zo da akwati, cikinsa kwamfuta da kyamara da ɗan gilashin da ake ɗora yatsa. Na tsaya kusa da wani dattijo wanda hauya ta cinye zanen yatsunsa. Ya ɗora, na'ura ta ƙi. Ya goge hannu a riga, ya sake ɗorawa, sai a karo na uku ta karɓa. Da ya tashi ya tambayi yaron da ke aikin: "Ɗana, ina za ku ajiye wannan?" Tambayar nan ce ta kawo ni gabanku yau.

Mutum sama da miliyan 7 suka shiga wannan rajista, da suna da hoto da zanen yatsa. Wanda ya saci katinka, a yi maka wani. Wanda ya saci zanen yatsanka fa? Babu inda ake canza shi. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba a yi zaɓe a Nijar ba, amma bayanan ba su narke ba, kuma haƙƙinmu ne mu san wa ke riƙe da makullinsu.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta haifar da hukumar HAPDP. A Yulin 2019 aka yi dokar hukunta laifukan intanet. A 2022 aka cire ɗauri kan ɓata suna, a Yunin 2024 aka mayar da shi. Abin da ke damuna shi ne, muhawararmu kusan duk ta ƙare a kan abin da wane ya rubuta a Facebook. Gadin na'urorin da ke riƙe da wutar Nigelec da layukan waya da kuɗin jama'a kuwa, ba mu cika tada maganarsa ba.

Ku duba maƙwabta. Bayan zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, ministan sadarwar Najeriya, Isa Ali Pantami, ya ce an kai hare-haren intanet kusan miliyan 13 a kwanakin zaɓen. Sakamakon shugaban ƙasa kuma ya ƙi hawa shafin IReV na hukumar zaɓe INEC a kan lokaci, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Ko hari ne ko tangarɗa, ɓarnar ɗaya ce: zukata sun riga sun yi tsami.

Mu ma mun ɗanɗana. An bayyana sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 23 ga Fabrairu 2021, tarzoma ta tashi a Yamai, washegari intanet ɗin salula ya ɗauke har kusan kwana goma. Ina faɗa da ladabi, wannan ba gadi ba ne. Ɗan kasuwar da ke jiran hoton kaya daga Maraɗi da uwar da ke jiran muryar ɗanta daga Libiya su suka biya, jita-jita kuwa ta ci gaba da yawo da ƙafa.

A Disambar 2015 masu kutse sun kashe wa mutane sama da 200,000 wuta a Yukren. Abin da ya cece su cikin sa'o'i kaɗan shi ne injiniyoyi sun shiga mota, sun je tashoshi, sun mayar da wutar da hannu. To, a zaɓe hannun nan shi ne takardar sakamako ta rumfa, wadda aka ƙirga a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu suka sa hannu, kowa ya tafi da tasa. Duk ranar da aka dawo zaɓe, kada mu yarda wata na'ura ta maye gurbinta, komai kyanta.

Saura namu. Iyayena mata, na san da yawanku kan miƙa wa mai cajin waya salula har da lambar sirri, don karatun ya yi wuya. Matasa, ku zauna da su ku koya musu da Hausa. In baƙuwar murya ta kira ta ce kun ci kyauta, wai ku turo lambar da ta shigo, to ku kashe wayar ku je ku tambayi wakilin kamfanin ido da ido.

Wanda ke da tambaya, bismillah.