Jawabi ga rassan jam'iyya: Ƙasa ba ta jefa ƙuri'a, mutane ke jefawa



Mu da ke koya wa yara lissafi a lakkol, yau lissafin zaɓe muka kawo muku. Ku saurara da kyau.

Jahar Agadas ta fi rabin faɗin Nijar. Amma a ƙidayar 2012, cikin mutum miliyan 17 na ƙasar nan, mutanenta ba su cika rabin miliyan ba. Yamai, wadda aka mai da babban birni a 1926 a madadin Damagaram, a wannan ƙidayar tana da kamar miliyan 1. Damagaram, Maraɗi da Tawa kuwa, kowace ta wuce miliyan 3. Wato cikin 'yan Nijar 10, guda 6 suna zaune a jahohin nan uku, inda ruwan sama ke isar gero. Duk mai son mulki ta hanyar akwati, dole ya zo kasuwanninmu.

To, amma kada yawa ya ruɗe mu. Ku tuna 1993. Tandja Mamadu ne ya zo na ɗaya a zagayen farko. Sai Mahamadu Isufu na Tawa ya haɗa kai da Mahaman Usman na Damagaram, Usman ya ci zagaye na biyu. A 1999 sai Usman ya mara wa Tandja baya, Isufu ya faɗi. Tandja kuwa haifaffen Maine-Sorowa ne, can jahar Diffa mai mutane kaɗan. A 2021 Muhammadu Bazum, Balarabe daga ƙaramar ƙabila, ya ka da Usman. Kun ga ke nan yawan jaha bai taɓa zama kuɗi a aljihun mutum ɗaya ba. Wanda ya iya ƙulla ƙawance shi ke ci.

Tun juyin mulkin 2023 an rufe akwati. Ranar da za a buɗe shi, wa za a ƙirga? Sai mai takarda. Matar da ba ta da takardar haihuwa, da saurayin da ya tafi cin rani ba a rubuta sunansa ba, tamkar babu su.

Don haka kowane reshe ya bi ƙauyukan da ke cin kasuwarsa, ya san gidan da babu takarda, ya raka su ofishin magajin gari. Kada ku manta da rugagen Fulani da zangon Buzaye, ƙuri'arsu daidai take da tamu.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.