Kowane Mai Sana'a Ya Ɗauki Yaro Ɗaya

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan'uwa mazauna Agege.

Dukkanmu shaida ne, a watan Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja, Apapa da Surulere. Samarinmu nawa suka wayi gari babu ko na koko? Jama'a, babur ana ƙwace shi, amma sana'ar hannu ba mai ƙwace ta.

Mu dubi maƙwabtanmu Ibo. Yaro yakan yi shekaru a shagon ubangidansa, ƙarshe a sallame shi da jari. To mu fa?

Roƙon ƙungiya shi ne, kowane tela, kafinta, makanike da mai walda ya ɗauki yaro ɗaya daga gidajen marasa hali, musamman marayu. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, don kada a mai da shi ɗan aike kawai. Mu kuma mu ɗauki kuɗin motarsa da na abinci, in ya ƙware mu haɗa masa kayan aiki. 'Yan mata ma kada a bar su ga talla.

Allah ya yi mana jagora. Wassalamu.