Kuɗin jama'a, manhajar jama'a: jawabi ga taron matasa

 

Maganata yau a kan manhajar kwamfuta ce da gwamnatoci ke saya da kuɗinmu. Muna da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Kowace jiha tana buƙatar manhajar biyan albashi, da ta tara haraji, da ta rajistar filaye. To, sai kowace ta kira nata ɗan kwangilar ta biya daga farko, alhali aikin iri ɗaya ne. Kuma sau da yawa asalin rubutun da aka gina manhajar da shi yana hannun kamfanin. Ranar da aka saɓa da shi, shafi ya mutu, bayanan jama'a su maƙale. Ai zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai wata hanya, kuma muna kanta ma. Alƙaluman da ake tarawa daga asibitocinmu na matakin farko suna shiga wata manhaja ce mai suna DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita. Buɗaɗɗiya ce: kowa na iya ɗauka kyauta, ya duba cikinta, ya gyara daidai da buƙatarsa. Ƙasashe sama da 70 ke amfani da ita. A farkon 2020, da korona ta ɓulla, Siri Lanka ta gina sashen bibiyar masu cutar a kanta, wasu ƙasashe suka ɗauka suka ci gaba, ba su fara daga tushe ba. Kun ga bambancin?

Haka batun bayanai. Tun 2011 muke da Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. A 2016 Nijeriya ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya, a Disamban 2019 kuma aka buɗe shafin baitulmali da ke nuna kuɗin da ma'aikatun tarayya ke biya. Amma fa kasafin da aka ɗauki hotonsa aka ɗora a intanet bai buɗu ba. Sai an sa shi a jadawalin da ɗalibi zai sauke ya lissafa da kansa nawa aka ware wa rijiyar burtsatsen ƙauyensu.

Don haka duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku sa shi ya yi alkawari uku a bainar jama'a. Na ɗaya, kafin a sayi sabuwar manhaja a duba ko wata jiha tana da irinta. Na biyu, a rubuta cikin kwangila cewa asalin rubutun manhajar mallakar gwamnati ne, kuma za a buɗe shi. Na uku, a riƙa wallafa kasafi da kwangiloli yadda kowa zai iya lissafawa, bayanan sirrin mutum kuwa, kamar na marasa lafiya, a kulle su.

Ku rubuta amsarsa, ku ajiye.